Yadda jihohin Amurka ke sa baki a tsarin filaye na ƙananan hukumomi

A Amurka wanda ke cewa nan za a gina gidaje, can masana'anta, wancan filin kuma gona ce kada a taɓa, yawanci ƙaramar hukuma ce, wato birni ko gunduma ko wani ɗan ƙaramin gari. Irin waɗannan hukumomi sun kai kusan 39,000 a ƙasar, da yawa cikinsu kowacce da taswirarta da kwamitinta da son ranta. Abin da ake nufi da tsarin jiha kan amfani da ƙasa shi ne duk wani ƙoƙari da gwamnatin jiha ke yi don ta ɗora su a hanya ɗaya, ko ta hanyar doka, ko kuɗi, ko kafa hukumar yanki da za ta haɗa garuruwan da ke maƙwabtaka da juna su yi fulan tare. Jihohi 50 ne, kuma babu biyu da suka yi iri ɗaya sak.

Asalin ikon

Ikon nan tun farko na jiha ne, aro ta bayar. Kundin tsarin mulkin Amurka bai ambaci ƙananan hukumomi ba ko sau ɗaya, kuma a 1868 wani alƙali a jihar Iowa mai suna John Dillon ya yanke cewa birni ba shi da wani iko sai wanda jiha ta ba shi, har yau da sunansa ake kiran wannan ƙa'ida. Birnin New York ne ya fara kasa kansa shiyya-shiyya gaba ɗaya a 1916, wato ya ƙayyade irin ginin da za a iya yi a kowane yanki. Daga nan Ma'aikatar Kasuwanci ta tarayya, lokacin Herbert Hoover na riƙe da ita, ta fitar da samfurin doka a shekarun 1920 wanda jihohi za su kwafa su miƙa wa garuruwa ikon raba shiyya, sannan wani samfurin na tsara birane a 1928. A 1926 Kotun Ƙoli ta ce abin bai saɓa wa kundin tsarin mulki ba, a shari'ar ƙauyen Euclid na jihar Ohio da kamfanin Ambler Realty. Shi ke nan jihohi suka miƙa mukulli suka koma gefe, kusan shekara arba'in ba su waiwayo ba.

To matsalar ita ce kogi bai san iyakar gari ba, haka cunkoson motoci, haka hayaƙi. Kuma garuruwan Amurka da harajin gidaje da filaye suka fi dogara wajen biyan makarantu da 'yan sanda, saboda haka kowane gari so yake katafaren kanti ya sauka a ƙasarsa ya ci haraji, gidajen masu ƙaramin ƙarfi kuwa da yaransu da za a ɗauki nauyin karatunsu, a kai su garin maƙwabta. Sai ka ga gari ya amince da rukunin shaguna daidai bakin iyakarsa, kuɗin nasa, motocin kuma a titin maƙwabci suke jibgewa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman da aka fara shimfiɗa manyan titunan tarayya daga 1956, birane suka yi ta malala cikin gonaki babu mai cewa tsaya.

Zagaye na farko

Hawayi ce ta fara motsi a 1961, shekara biyu kacal da zama jiha. Tsibirai ne, ƙasar kaɗan ce, ga gonakin rake da abarba ana yanka su fuloti-fuloti, sai jihar ta kafa hukumar da ta raba ƙasar gaba ɗaya kashi uku: ta birni, ta noma da ta kiyaye daji da ruwa, a 1963 aka ƙara ta karkara. Gunduma na da ta cewa a cikin yankin birni, amma mayar da babbar gona zuwa birni sai an je gaban hukumar jiha.

Vermont ta bi wata hanya daban a 1970 da dokarta mai lamba 250, bayan masu kuɗi daga manyan birane sun cika tsaunukanta da gidajen hutu kusa da wuraren wasan zamiya a ƙanƙara. Maimakon taswira, izini ta sa: duk babban aiki, misali gidaje goma ko fiye, sai ya tsallake sharuɗɗa goma a gaban kwamitin yanki, daga gurɓata ruwa da zaizayar ƙasa har nauyin da zai ɗora wa makarantu da tituna da ma kyan wurin. Dokar ta yi niyyar a bi da fulan na jiha baki ɗaya, amma majalisa ba ta taɓa amincewa da shi ba. Fulorida a 1972 ta ɗauki wasu wurare masu rauni ta sa su ƙarƙashin kulawarta, daga baya tsibiran Keys suka shiga ciki, ta kuma ce aikin da tasirinsa ya wuce gunduma ɗaya sai an duba shi a matakin yanki. A shekarar dai masu zaɓe a Kalifoniya suka kafa hukumar bakin teku da ƙuri'arsu. Wani rahoto na 1971 da Fred Bosselman da David Callies suka rubuta ya kira wannan yanayi juyin juya hali na shiru, sunan kuma ya zauna. Sanata Henry Jackson ya so a yi dokar tarayya da za ta ba jihohi kuɗi su yi irin wannan aiki, ta wuce Majalisar Dattawa sau biyu, ta mutu a ta Wakilai a 1974.

Oregon

Idan ana wannan zance Oregon ake fara kawowa, kuma ta cancanta. Dokar 1973 ce, ƙudurin Majalisar Dattawa mai lamba 100, gwamna Tom McCall ɗan Rifablikan ya tsaya mata, wanda ya fi shan wahalarta a majalisa kuma Hector Macpherson ne, manomi mai kiwon shanun madara wanda ya ga yadda gidaje ke cinye kwarin Willamette. Wannan abin lura ne, don ba 'yan boko na birni kaɗai suka kawo ta ba, manoma ma suna tsoron ranar da maƙwabcinsu zai zama rukunin gidaje ya fara ƙorafin warin taki da ƙarar tarakta da asuba.

Dabarar ita ce jiha ba ta zana wa kowa taswira. Ta dai shimfiɗa manufofi, yanzu 19 ne, na farko a bai wa jama'a damar sa baki, na uku kare ƙasar noma, na goma gidaje, na sha huɗu yadda gari zai faɗaɗa. Kowane birni da kowace gunduma cikin 36 su rubuta nasu fulan, su kawo wa hukumar jiha ta duba ko ya dace da manufofin, in bai dace ba a mayar musu. Aikin bai yi sauri ba sam, sai 1986 aka gama amincewa da na kowa. Akwai kuma wata hukumar ɗaukaka ƙara ta musamman tun 1979 wadda rigimar filaye kawai take saurara.

Abin da ya fi fitowa fili shi ne layin iyakar faɗaɗa gari. Kowane birni sai ya ja layi kewaye da kansa wanda ya ƙunshi filin da zai ishe shi na shekara 20, ciki a yi gini, waje kuwa ba a kai bututun ƙazanta, ba a yanka fuloti. A gefen Portland, birni mafi girma a jihar, za ka iya tsayawa a kan titi, hannun dama gidaje ne jere da juna har da katangarsu, hannun hagu gonar ciyawa ko ta inabi ce shimfiɗe, babu wani tsaka-tsaki. Layin yankin Portland wata hukuma ce mai suna Metro ke riƙe da shi, ta haɗa sassan gundumomi uku, kuma jama'a ne ke zaɓen shugabanninta kai tsaye, abin da ba kasafai ake samu ba a hukumomin yanki na Amurka.

Sai dai a duba ta ɓangaren mai gonar da layin ya bari a waje da 'yan mitoci. Filin maƙwabcinsa ya ninka daraja, nasa kuwa gona ce har illa ma sha Allahu, ko gida ya so ya gina wa ɗansa sai ya sha tambayoyi. An yi ƙoƙarin rusa dokar da ƙuri'ar raba gardama a 1976 da 1978 da 1982 duk bai yiwu ba, amma a 2004 masu zaɓe suka amince da ƙuduri mai lamba 37, wanda ya ce in doka ta rage darajar filinka bayan ka mallake shi, ko gwamnati ta biya ka ko ta ɗage maka dokar. Dubban buƙatu suka shigo, kuɗin biya babu, sai ɗagewa. Da mutane suka ga irin rukunin gidajen da ke shirin tsirowa a tsakiyar gonaki, a 2007 suka dawo suka rage masa ƙarfi da ƙuduri mai lamba 49, aka bar mutum ya gina 'yan gidaje ƙalilan kawai. Ana kuma zargin layin da tsadar gidaje da tura mutane ƙetaren kogin Columbia zuwa jihar Washinton, masana har yau ba su gama gardama kan girman laifinsa ba.

Zagaye na biyu

Daga tsakiyar shekarun 1980 abin ya sake tashi. Fulorida a 1985 ta tilasta wa kowace hukuma fulan da jiha za ta duba, ta ƙara da wani sharaɗi mai daɗin ji: kada a ba da izinin gini sai in titi da ruwa da magudanar da za su ɗauki nauyinsa suna nan. A aikace sai ya juye, domin titunan cikin gari ne a cunkushe, na bayan gari kuwa wayam, sai masu gini suka nufi can, wato dokar hana bazuwar gari ta taya ta bazuwa. New Jersey ta zaɓi lallashi, fulan na jiha da ake zama da gundumomi da garuruwa ana ciniki a kai har a daidaita, na farko ya fito a 1992, amma ba dole a cikinsa. Maine da Rhode Island sun yi nasu a 1988, Jojiya 1989, Washinton 1990 da tsari mai kama da na Oregon, Tennessee 1998, Wisconsin 1999.

Maryland a 1997 ƙarƙashin gwamna Parris Glendening ta ce ita ba za ta hana kowa gini ba, kuɗinta na tituna da ruwa dai a wuraren da aka ware kawai za ta zuba. Dabara ce mai sauƙin sayarwa a siyasa, amma mai kuɗin haƙa rijiyarsa da ramin ƙazantarsa bai damu da ita ba. Minnesota kuwa ta taɓa tushen matsalar ne kai tsaye: bayan kafa majalisar yankin Minneapolis da Saint Paul mai gundumomi bakwai a 1967, dokar 1971 ta sa kashi 40 cikin ɗari na ƙaruwar darajar kadarorin kasuwanci da masana'antu da ake ɗora wa haraji ya shiga asusu ɗaya a raba wa duk yankin, don a rage wawason kantuna. Akwai ma inda jihohi biyu suka haɗu, kamar Kalifoniya da Nevada a kan tafkin Tahoe tun 1969.

Yawancin jihohi dai ba su yi nisa haka ba, wasu sun ce a yi fulan amma ba mai dubawa. Kuma abin da majalisa ta bayar tana iya karɓewa: a 2011 gwamna Rick Scott ya sa hannu aka rushe ma'aikatar da ke duba fulan a Fulorida, sharaɗin tituna kuma ya koma ganin dama.

Lokacin da zancen ya koma gidaje

Abin mamaki, ikon da aka fara amfani da shi don rage gini, yanzu da shi ake tilasta gini. Tushen wannan ya daɗe. Massachusetts tun 1969 take da doka cewa garin da gidajensa masu rahusa ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba, mai ginin da ya sa irin waɗannan gidaje a aikinsa zai iya tsallake dokar shiyyar garin ya kai ƙara jiha. Kotun Ƙolin New Jersey a shari'ar Mount Laurel ta 1975, ta kuma nanata a 1983, ta ce kowane gari mai bunƙasa sai ya ɗauki rabonsa na gidajen talakawan yankin. Kalifoniya na raba wa yankuna adadin gidajen da ake buƙata, su kuma su raba wa birane, kuma 'yan shekarun nan ta fara kai masu taurin kai kotu.

A 2019 Oregon ta ce birnin da ya haura mutum 10,000 dole ya yarda da gida mai sashe biyu a fulotin da da can gida ɗaya kawai ake bari, wanda ya haura 25,000 da yankin Portland kuma har mai sashe huɗu. Kalifoniya ta yi makamanciyarta a 2021, Montana da 'yan Rifablikan ke mulki da Washinton da 'yan Dimokurat ke mulki duk a 2023. Garuruwa kam ba su ji daɗi ba, kukansu ɗaya ne da na shekarun 1970, wai mutanen babban birnin jiha me suka sani game da unguwarmu.

Massachusetts a 2021 ta umarci garuruwa 177 da ke cin moriyar jirgin ƙasa da bas na yankin Boston su ware aƙalla shiyya ɗaya da za a iya gina gidaje masu sassa da yawa ba tare da izini na musamman ba. Mutanen garin Milton, ɗaya daga cikinsu, suka yi ƙuri'a a Fabrairun 2024 suka yi watsi da nasu tsarin, jiha ta janye musu wasu tallafi, babbar lauyar jihar Andrea Campbell ta maka garin a kotu. A Janairun 2025 babbar kotun jihar ta ce dokar halastacciya ce kuma ana iya tilasta ta, sai dai ƙa'idojin aiwatarwar ba a bi hanyar da ta dace wajen fitar da su ba, dole ma'aikatar gidaje ta sake su.