Waiwaye: Abin da Gefen Hanyar Apapa Yake Tuna wa Mutumin Sakkwato

Direban da ya ɗauko albasa daga Wurno ko Goronyo, ko shanu daga kasuwar Illela, idan ya sauke kaya a Legas ya nufi Apapa, unguwar tashar jiragen ruwa, neman lodin komawa gida, abin da zai riƙa gani dama da hagu shi ne tankunan mai, da kwantenoni jibge bisa juna, da dogayen rumfunan kwano waɗanda tsatsa ta cinye saboda iskar gishiri. Da yawa daga cikin mutanenmu sun kwana a ƙarƙashin gadar Ijora suna jiran layi, amma kaɗan ne suka san cewa wannan gaɓar teku da kayan Arewa aka fara raya ta, kuma fatar jar akuyar Sakkwato tana cikin kayan.

Kafin zuwan Turawan mulki, fatar nan ta hamada take bi. Fatake su kai ta Kano, ayarin raƙuma su haura da ita Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai da sunan fatar Maroko, ko da yake a ƙasar Hausa aka yi kiwon akuyar kuma aka jeme fatar. Jirgin ƙasa ne ya juya akalar cinikin zuwa kudu. An fara shimfiɗa dogo daga Legas a 1896, ya isa Ibadan a 1901, sannan aka haɗe shi da Kano a 1912. Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaurar Namoda a 1929, kuma har yau bai ƙaraso birnin Shehu ba. Saboda haka fata da ƙirgi da gyaɗa da auduga na lardin Sakkwato sai an ɗauke su a kan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci, zuwa kantunan kamfanoni irin su John Holt da UAC, kafin a loda su a taragu.

Ita kanta Legas ba a same ta da tashar jiragen ruwa ta kirki ba. Yashi ne ya toshe bakin da ruwan tafkinta yake haɗuwa da teku, har manyan jirage sukan tsaya a waje, ƙanana su yi jigilar kaya da mutane. Sai da aka jera katangun duwatsu cikin teku aka yashe mashigar, sannan babban jirgin ruwa ya iya shigowa a 1914, shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa. A cikin shekarun 1920 aka gina matsayar jirage mai zurfi a Apapa, aka kai mata dogo har bakin ruwa, aka kuma buɗe tashar lantarki ta Ijora a 1923, wadda take ƙona kwal ɗin Inugu. Duk wanda ya dubi taswirar wancan zamani zai gane manufar: tarago ya zo daga Arewa da ɗanyen kaya, ya tsaya daidai gindin jirgi, jirgi ya kwashe zuwa Ingila.

Masana'antu sun biyo baya ne sannu a hankali. Kamfanin Lever Brothers ya soma yin sabulu a Apapa tun cikin shekarun 1920, amma sai dab da samun mulkin kai aka ga unguwannin masana'antu na sosai a Apapa da Iganmu da Ilupeju da Ikeja. Kamfanin Flour Mills ya fara niƙa alkama a bakin tashar a 1962, Dunlop ya buɗe masana'antar taya a Ikeja a farkon shekarun 1960, masaƙu suka ɗauki dubban ma'aikata. Tunanin gwamnatocin lokacin shi ne a riƙa yin abin da ake sayowa daga waje a cikin gida, kuma da wannan tunanin aka kafa kamfanin siminti na Kalambaina a nan Sakkwato, wanda ya fara aiki a 1967. Sai dai akwai rauni a tsarin tun daga tushe, domin yawancin masana'antun bakin teku da kayan waje suke aiki, daga alkama har injuna da kayan gyaransu. Muddin akwai kuɗin waje a hannu, ba wanda yake ganin wannan rauni.

Kuɗin kuwa sun zo da yawa bayan tashin farashin man fetur a 1973. A 1975 gwamnati ta yi odar siminti fiye da abin da tashar za ta iya saukewa, har jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a kan teku, wasu na watanni, ana biyansu kuɗin jira. Wannan abin kunya ne ya sa aka gaggauta gina tashar Tin Can, aka buɗe ta a 1977, aka kuma kammala babbar hanyar Legas zuwa Ibadan a 1978. A shekarar 1975 ɗin dai aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Volkswagen a Ojo, kan hanyar Badagry, inda ake fitar da ƙaramar motar nan mai siffar kunkuru da malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati suka yi yayi. Ba nisa da wurin kasuwar Alaba Rago take, inda Hausawa suka daɗe suna cinikin tumaki da hatsi. Har yanzu sunan kamfanin Volkswagen ake kiran tashar motar da ke wurin da shi.

Faɗuwar farashin mai a farkon shekarun 1980, da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 wanda ya karya darajar naira, su ne suka tona asirin. Kayan aiki suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an yi da janareta, atamfa da yadin fasa-ƙwauri suka cika kasuwa. Masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, a Legas kamar yadda aka yi a Kaduna da Kano. Dunlop ya daina yin taya a 2008. Wasu rumfunan masana'antu a yankin Ikeja suka koma ɗakunan ajiyar kayan da aka shigo da su, wasu suka zama wuraren ibada da na biki.

Tankunan man da suka cika gefen hanyar Apapa a yau daga wata gazawar suka fito. Da can ta bututu mai yake tasowa daga matatar Kaduna zuwa ma'ajiyar Gusau, tankoki su ɗauko shi zuwa Sakkwato cikin 'yan sa'o'i. Da matatun suka durƙushe, bututun kuma aka yi ta fasa su, sai ƙasar ta koma sayo tataccen mai daga waje, 'yan kasuwa suka gina ma'ajiyai a bakin ruwa, tanka ta riƙa tafiyar kwanaki daga Sakkwato zuwa Legas domin lodi ɗaya. Dogo kuma ya riga ya kwanta, saboda haka duk nauyin ya koma kan kwalta, kuma daga nan cunkoson da ya sa direbobi kwana makonni a kan gada ya samo asali.

Yanzu harkar tana matsawa gabas, zuwa Lekki, inda aka buɗe sabuwar tasha mai zurfi da matatar Ɗangote mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, duka a 2023. A watan Oktoba na 2024 kuma aka ƙaddamar da aikin hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068, wadda za ta taso daga Illela, hanyar da tun zamanin Shugaba Shehu Shagari ake maganarta. Idan an gama ta, tafiya za ta ragu, albasa za ta rage ruɓewa a hanya. Amma a iya abin da ake lodawa yau a kasuwannin Kara da Illela, dabba da rai take tafiya, albasa a buhu, fata kuma mafi yawanta ko dai a cinye ta ganda a kudu ko a jeme ta rabi a Kano a fitar da ita waje, takalmin ya dawo mana cikin kwantena.