Hasashen Damina da Zargin Maƙarƙashiya

Hasashen damina kimantawa ce da masana yanayi ke yi game da lokacin saukar ruwa, yawansa da ɗaukewarsa. A Najeriya hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ce ke fitar da shi a farkon kowace shekara, hukumar lura da ruwan koguna, NIHSA, kuma ta fitar da na ambaliya.

Masana ba sa yanke hukunci kai tsaye, da ma'aunin yiwuwa suke magana. A rahotannin kwamitin duniya kan sauyin yanayi, IPCC, wanda aka kafa a 1988, "mai yiwuwa" na nufin aƙalla kashi 66 cikin ɗari, "mai yiwuwa ƙwarai" kuma kashi 90. Dalilin da masu hasashen damina ke magana da yiwuwa shi ne ruwan Sahel hadari ne ke kawo shi: ya tafka a Ringim, Taura ko ɗigo. Manomin da gerunsa ya ƙone bayan an ce damina ta kama yakan ɗauka ƙarya aka yi masa, ta nan kuwa jita-jita ke samun ƙofa. Alhali a wajen masana noma ruwan farko ba shi ne ruwan shuka ba. Ma'aunin da aka saba shi ne milimita 20 cikin kwana uku, kuma kada fari ya wuce kwana bakwai a kwana talatin na gaba.

Wani zargi da ke yawo a WhatsApp lokacin ambaliya shi ne Kamaru ta saki ruwan madatsar Lagdo ta cinye Auyo da Haɗejiya. Ruwan Lagdo Binuwai yake bi. Kogin Haɗejiya daga kogunan Kano da Challawa yake samun ruwa, inda madatsun Tiga da Challawa suke, sannan ya nufi Tafkin Chadi. Abin da ke sa shi tumbatsa a bayyane yake: mamakon ruwa, yashi da ya cike hanyarsa, da ciyawar kachala.

Farin layin da jirgin sama ke bari ma ba maganin hana ruwa ba ne, kamar yadda wasu ke zargi. Tururi ne daga injin da ke daskarewa a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili.

Mai wayar Android na iya tantance saƙo cikin sauƙi. Kibiya biyu a saman saƙon WhatsApp alama ce ta cewa ya ratsa hannu biyar ko fiye. Hoton ambaliya kuwa, a sa shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, sau da yawa sai a tarar tsoho ne ko na wata ƙasa.