Haruffan burushi a fosta da tambari: tambayoyi da amsoshi

Mene ne haruffan burushi?

Salon haruffa ne da aka zana don su yi kama da rubutun mai fenti da ya tsoma burushi ya ja layi da sauri: nan kauri, can siriri, wutsiyar harafi a ɗan tsage. Tushensu aikin masu rubuta allon talla da hannu ne. A 1942 Robert E. Smith ya zana salon haruffa mai suna Brush Script ga kamfanin American Type Founders a Amurka. A 1953 kuma Roger Excoffon ya fitar da Mistral a Faransa, daga rubutun hannunsa. Wannan na biyun yana burge ni ƙwarai. A wancan lokacin, da dalma ake zuba haruffan ɗab'i, kowane harafi guntunsa daban, amma ya yi dabara har suka sarƙu da juna kamar hannu ɗaya ne ya ja su bai ɗaga ba.

A ina suka fi dacewa?

A kanu, tambari, fosta, kwalin kaya, katin gayyata. Kalma biyu zuwa biyar, da girma. Suna kawo sakin jiki da fara'a, kamar mutum ne ke yi maka magana.

Za a iya rubuta sakin layi da su?

A'a. Idan suka ƙanƙance, sirarran layukan sukan ɓace, ido ya gaji. Adireshi, lambar waya da kwanan wata a ba su salo mai sauƙi kamar Helvetica ko Futura. Salon burushi ɗaya ya isa a shafi.

Wane kuskure aka fi yi?

Rubuta kalma gaba ɗaya da manyan baƙaƙe. An zana babban harafin ne don ya buɗe kalma, ƙanana su biyo baya. Idan aka jera manya zalla, sai su cakuɗe, karatu ya gagara. Na biyu, ƙara tazara tsakanin haruffa, wanda ke tsinka igiyar da ta haɗa su.

Me ya sa wani lokaci ake gane cewa kwamfuta ce ta yi?

Domin hannu ba ya maimaita harafi iri ɗaya sak. Idan kalma tana da "a" uku kuma duk tagwaye ne, asiri ya tonu. Salon zamani da aka yi da tsarin OpenType (wani tsarin fayil ɗin haruffa na kwamfuta) sukan zo da siffa biyu ko uku na harafi ɗaya, kuma a manhajojin zane irin su Illustrator ko InDesign ana iya kunna su ko a zaɓa da hannu. Kafin ka sayi salo ko ka sauke shi, gwada ainihin kalmomin aikinka, ka tabbata haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ suna ciki, kuma lasisin ya yarda a yi kasuwanci da shi.