Ikwalaiza a Tsadaddun Kayan Sauti na Gida

Ikwalaiza na'ura ce, ko manhaja, da ke ƙara ko rage ƙarfin wani sashe na sauti ta bar sauran yadda suke. Kunnen ɗan Adam yana ji daga kimanin Hz 20 zuwa Hz 20,000 (Hz ma'auni ne na yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa). Ƙasan wannan zango shi ne bes, samansa tirebul, muryar mutum kuma tana tsakiya.

Iri biyu suka fi shahara. Akwai mai jerin maɓallan da ake turawa sama da ƙasa, galibi 10 ko 31, kowanne da yankinsa. Akwai kuma farametirik, wadda injiniyan Amurka George Massenburg ya gabatar a 1972. Ita ke ba mutum damar zaɓar ainihin wurin gyara, da faɗinsa, da yawan desibel (ma'aunin ƙarfin sauti), shi ya sa ta fi dacewa da aikin gida.

Masu tsadaddun kaya sun daɗe suna ƙyamar ikwalaiza, a ganinsu duk abin da aka cusa tsakanin faifai da lasifika yana gurɓata sauti. Suna da hujja a kan tsofaffin na'urori masu araha, waɗanda kan ƙara hayaniya. Sai dai duk mai sauraron faifan garmaho yana amfani da ikwalaiza ko bai sani ba, domin tsarin RIAA (ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka) na 1954 yana rage bes wajen yanka faifai, na'urar gida ta maido da shi.

Babban aikin ikwalaiza shi ne gyaran ɓarnar ɗaki. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka a ɗaki mai tsawon mita 4, bes na wajen Hz 43 yana kai-komo tsakanin bango biyu: ya taru a wani wuri, ya ɓace a wani. Gidajen Legas na bulo da siminti, ga tayil a ƙasa, ba sa shanye irin wannan sauti. Mutum kan ji daɗin lasifika a shago a Kasuwar Alaba da ke Ojo, ya kai ta falonsa a Agege ko Idi Araba, sai bes ya riƙa gurnani yana danne muryar mawaƙi. Ba laifin lasifikar ba ne.

A nan ragewa ta fi ƙarawa amfani. Ƙarin desibel 3 kawai yana buƙatar ninkin ƙarfin amfilifaya, kuma inda bes ya ɓace saboda igiyoyin sauti suna kashe juna, ko nawa aka ƙara ba ya dawowa; sai an matsar da lasifika ko kujera. Maganin amsa-kuwwar tirebul shi ne labule mai kauri da kafet. Ƙugin Hz 50 da ke biyo wutar lantarki kuwa, a wayoyi ake neman maganinsa.

Manhajoji irin su Dirac Live da Audyssey suna auna ɗaki da makirufo su yi gyaran da kansu. Manhajar REW, wadda kyauta ce, tana nuna awon a kwamfuta, mutum ya saita da hannunsa.