Tele 4K: amsoshin tambayoyin da kuke ta jefo min

Sana'ata ɗaura parabol da gyaran tele a nan Garwa, kuma tambayoyin nan na amsa su har bakina ya gaji, shi ya sa na rubuta sau ɗaya.

Me ake nufi da 4K ɗin?

Yawan ɗigon da ke haɗa hoto ne. Full HD 1920 a 1080 ne, ɗigo miliyan 2 da ɗan kai. 4K kuma 3840 a 2160, ya haura miliyan 8. Ninki huɗu kenan.

To hoton zai ninka kyau sau huɗu?

A'a.

Na saya amma ban ga bambanci ba, an cuce ni ne?

Kafin ka zagi mai shago duba abin da ka jona mata. Tele abin da aka ba ta take nunawa. In dekodarka HD ce, ko tashar ma ba HD ba ce, ko tsohon fim ne ɗan ƙarami aka tura maka a filash, telen za ta ja hoton ne kawai ya cika fuska. Na sha shiga gida na tarar da sabuwar 4K an jona ta da wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, haba Alhaji, ko HD ba ta bi ta wannan wayar, a nemi wayar HDMI, ita ce mai ɗaukar hoton HD da 4K.

Inci 32 fa?

Ka riƙe kuɗinka, a wannan girman ido ba ya rabewa.

Tawa Full HD ce inci 43, lafiyarta ƙalau, in canza zuwa 4K inci 55?

Nan kam sai mun zauna. Fara da auna daga kujerarka zuwa bango. A inci 55, in ka wuce wajen mita 2 ido lafiyayye ya fara kasa rabe 4K da Full HD, mu kuwa falonmu tele na can bango mutane na nan kan tabarma mita 3 ko 4. Daɗin da za ka ji na girman ne, kuma girman ba laifi ba ne, mai gidan kallon ƙwallo dole ya so babba don na baya su gani. Sannan manyan da ake kawowa yanzu kusan duk 4K ne, in 55 kake so da wuya ka kauce mata. Sai me kake kallo. In YouTube ne ko Netflix, 4K na iya cin giga 7 a awa ɗaya, Netflix ɗin ma intanet mai saurin megabit 15 a daƙiƙa suke cewa a samu, ka lissafa da kuɗin datarka da yadda intanet ke tafiya a unguwarku. In da sola kake, babbar ta fi cin batiri. Mai yara masu PlayStation 5 da ke zama dab da fuska, shi zai gani, ba musu. Amma in CRTV ce, tashar gwamnatin Kamaru, da labarai da wa'azi da ƙwallon ƙarshen mako, ni dai zan ce ka bar tsohuwarka ta ci gaba da aiki, sai dai in dama girman kake nema kuma kuɗin ba na cefane ba ne.

Ta ya zan gane ta gaske?

Kar ka yarda da takardar da aka manna a kwali, kar kuma hoton furanni da ake kunnawa a shago ya ruɗe ka. Je da laftof, jona HDMI, ka ga ko za ta ba ka 3840 a 2160, sannan ka matso ka dubi ƙananan rubutu.

Regilata dole ne?

Dole. Mutum ya zuba dubban sefa a tele ya ƙi sayen abin daidaita wuta, watan zafi wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, sai ga shi a shagona da ita naɗe a bargo. Wallahi abin yana ci min rai. Ka sa kuɗin regilata a lissafi tun kafin ka fara ciniki.