Ɗora bene ko sayen fili: ma'anar faɗaɗa rumbun bayanai ta tsaye da ta kwance

Idan iyali suka yi wa gida yawa, dabara biyu ce ta rage wa maigida: ko ya ɗora bene, ko ya sayi filin maƙwabta ya ƙara ɗakuna. Haka mai kula da rumbun bayanai yake tsintar kansa ranar da sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da rumbun, ta fara nishi, amsar da take bayarwa cikin ƙiftawar ido ta koma sai an yi zaman jira.

Ɗora benen shi ake kira faɗaɗawa ta tsaye. Na'urar dai ɗaya ce, ƙarfi ake ƙara mata: firosesa mafi girma, ƙarin RAM (ma'adanar aiki ta wucin gadi), faifan SSD mai sauri. Manhajarka ba za ta ma san an taɓa komai ba. Mai hayar sabar rumbun bayanai a Amazon RDS girma na gaba kawai zai zaɓa, a sake kunna sabar, shi ke nan. Sai dai harsashi yana da iyakar nauyin da zai ɗauka. Akwai na'urar da babu ta sama da ita a kasuwa, kuma tun kafin ka kai gare ta kuɗin ya fara ciwo. Ranar da ta faɗi kuwa, kowa ya faɗi tare da ita.

Faɗaɗawa ta kwance ita ce ƙara yawan sabobi su raba aikin. A nan mutane suke ruɗewa, don abu biyu ne ake kira da suna ɗaya. Na farko kwafi: babbar saba tana karɓar rubutu, wato shigar da sabon bayani ko canza shi, sauran suna kwafa daga gare ta suna amsa wa masu karatu. Wannan yana rage cunkoson karatu, amma duk rubutu har yanzu ƙofa ɗaya yake bi, kuma kwafin kan ɗan makara. Shi ya sa wani lokaci za ka canza hotonka, ka sabunta shafi, ka ga tsohon yana kallonka.

Na biyu shi ne tsaga bayanan kansu kashi-kashi, kowace saba ta riƙe nata. Nan aikin yake. Ɗan kasuwa mai littafin bashi guda ɗaya ya san abin da yake bin kowa da buɗe shafi. Ranar da ya raba littafin gida goma a rassa goma, tambayar "nawa muke bin mutane gaba ɗaya?" sai an zagaya kowane reshe. Tura kuɗi daga asusun da ke wannan saba zuwa na waccan kuwa, dole a tabbatar ko duka biyun sun rubuta ko babu wadda ta rubuta. To idan layin da ke tsakaninsu ya yanke fa? Tun a 2000 masanin kwamfuta Eric Brewer ya yi hasashen cewa a irin wannan hali zaɓi ɗaya za ka yi: ko ka daina amsawa har layi ya dawo, ko ka amsa da bayanin da wataƙila ya tsufa. Rumbun bayanai na Cassandra, da aka ƙirƙira a Facebook aka sake shi ga jama'a a 2008, don irin wannan rayuwar aka gina shi.

A ganina, yawancin masu rawar jikin tsaga rumbunsu ba su kai nan ba tukuna. Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, ya yi shekaru yana ɗaukar masu ziyara daga duk duniya da 'yan tsirarun manyan sabobin SQL Server. A fara duba tambayoyin da aka rubuta wa rumbun, sau da yawa fihirisa ɗaya ce, wadda ke saurin kai rumbun ga abin da ake nema, ba a saka ba.

In kuma lokacin ya yi da gaske, a dubi yadda kamfanin manhajar rubutu da tsara aiki Notion ya yi a 2021. Ya tsaga rumbunsa na PostgreSQL kashi 480 a kan sabobi 32, ana duba lambar wurin aikin kowane abokin ciniki a san inda bayanansa za su zauna, don kada kayan mutum ɗaya su warwatsu. Me ya sa 480? Saboda lamba ce mai rabuwa ta hanyoyi da yawa ba tare da saura ba. Da suka koma sabobi 96 a 2023, kowace saba sai ta sauka daga kashi 15 zuwa 5.