Inda ƙanjamau ke ja da baya, da inda take ƙaruwa

A shekarar 1981 likitoci a Amurka suka fara ba da rahoton wata baƙuwar cuta mai karya garkuwar jiki. Bayan shekara biyu masana a Faransa suka gano ƙwayar HIV da ke haddasa ta. Yau babu nahiyar da ba ta shiga ba. UNAIDS, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙanjamau, ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum kusan miliyan 40 ne ke ɗauke da ƙwayar, sama da rabinsu kuma a gabashi da kudancin Afirka suke. A ƙasar Eswatini da ke kudancin Afirka ma, kusan baligi ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ita.

To amma a wannan yankin da cutar ta fi yi wa ɓarna ne aka fi cin ƙarfinta. Masu sabon kamuwa a can sun ragu da fiye da rabi tun 2010, domin an yawaita gwaji, masu juna biyu kuma suna shan magani don kada jariri ya ɗauka. A duniya baki ɗaya, masu mutuwa sun ragu daga kusan miliyan 2 a 2004 zuwa kimanin 630,000 a 2023.

A gabashin Turai da tsakiyar Asiya, da Gabas ta Tsakiya da arewacin Afirka, da Latin Amurka, lamarin ƙaruwa yake yi. A wasu wuraren allurar masu shan ƙwaya da ake yin karɓa-karɓa da ita ce babbar hanya, ga kuma tsangwama. Wannan ce ta fi damuna a matsayina na ma'aikacin lafiya, don mutumin da ke tsoron a nuna shi da yatsa ba zai zo gwaji ba, sai ciwo ya kwantar da shi, bayan ya riga ya sa wa matarsa ba da saninsa ba.

Ba a ɗaukar ƙwayar ta musabaha, ko cin abinci tare, ko cizon sauro. Wanda yake shan maganinsa kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Gwajin farko ɗan ɗigon jini ne daga yatsa, cikin 'yan mintoci a gaya maka sakamako. Don Allah ku je tare da iyalinku.